BAYANI: Yadda kayan tarihin Nok suka zama "aro" a Faransa, da wa'adin da zai cika a 2027

A watan Yunin 2025 aka yi taro a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Legas, inda gwamnatin Netherlands ta miƙa wa Najeriya kayan tarihi 119 na masarautar Benin ta jihar Edo, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Shekara uku kafin nan, a Yulin 2022, Jamus ta sa hannu kan takardar mayar wa Najeriya mallakar irin waɗannan kaya fiye da 1,100. Duk mai bin labarai ya ji wannan, ya ga hotunan ministoci da hakiman fada suna duba kawunan tagulla.

Akwai wasu kaya uku da ba a cika ambata ba, alhali maganarsu ta fi ta Benin sauƙin warwarewa. Sassaƙe ne na gasasshen yumɓu, biyu na al'adar Nok, ɗaya na salon da masana ke kira na Sakkwato, kuma suna hannun gidan tarihin Quai Branly da ke Paris. Faransa ba ta jayayya a kan mai su. Tun 2002 ta amince a rubuce cewa na Najeriya ne. Abin da ya riƙe su a can yarjejeniya ce ta aro ta shekara 25, wadda ake iya sabuntawa. In aka ƙirga daga shekarar da aka ƙulla ta, wa'adin zai cika a 2027.

Kafin a fahimci yadda mai kaya ya koma mai ba da aron abin da aka sace masa, sai an koma filayen kuza na tsakiyar Najeriya.

Abin da ƙasa ta fitar

A 1928, masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, wanda ke ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san darajarsa. Sai a 1943 wani kan ya sake fitowa a kusa da Jama'a. Ma'aikacin da ya same shi ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata masu ɓarna, ya kuwa yi wata da watanni a can kafin ya faɗa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulkin mallaka da ya karanci binciken kufai a Cambridge. Fagg ya ga kamannin da ke tsakanin kawunan biyu: ido mai kusurwa uku, an huda ƙwayarsa, an huda hanci da baki, ga gyaran gashi na ƙwarewa. Ya roƙi masu haƙa su daina jefar da irin su. Da suka taru ya ba al'adar sunan ƙauyen farko. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, kusan a kan waɗannan kaya aka gina shi.

Daga baya an ci gaba da samun su a faffaɗan yanki, daga Kagara a jihar Neja har Katsina-Ala a Binuwai. A Taruga, kusa da Abuja, an same su tare da murahun narka tama, abin da ya sa Nok ta shiga sahun wuraren da aka fara sarrafa ƙarfe a Afirka ta Yamma.

Bincike mafi zurfi shi ne wanda Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig. Sakamakonsa ya tura tarihin baya fiye da yadda ake zato. Mutanen sun zauna a yankin tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sun fara sassaƙar yumɓu wajen shekara 900 kafin haihuwar tasa, sannan alamarsu ta ɓace a daidai farkon ƙirgar miladiyya. Gero suke nomawa da wake, suna cin atile. Wani nazari da aka buga a 2021 ya gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu, wanda ke cikin shaidu mafi tsufa na cin zuma a wannan yanki na Afirka. Duk Bahaushen da ya ji wannan jeri, gero da wake da zuma, ya san ba labarin wasu baƙin halittu ake ba shi ba.

A nan ya kamata a tsaya kan kalma ɗaya. A bakin mutane da yawa, sunan waɗannan kaya "gumaka", kuma da zarar an kira su haka magana ta ƙare, don ba mai son a gan shi yana kare gunki. Amma abin da masu tono suka gani shi ne, mafi yawansu an same su a farfashe, an zuba su a rami kamar da gangan, sau da dama kusa da wuraren da ake kyautata zaton kaburbura ne. Shi ya sa masu binciken Frankfurt suka karkata ga cewa suna da alaƙa da al'adun binne mamata. Ko ma mene ne amfaninsu a wancan zamani, a yau shaida ne. Mutanen Nok ba su bar rubutu ba. Abin da za a iya sani game da suturarsu, da adonsu, da cututtukan da suka yi fama da su, a jikin yumɓun nan yake, da kuma ƙasar da ya kwanta a ciki.

Wannan batu na ƙasa shi ne ainihin asarar. Masanin kufai ba kan kaɗai yake nema ba. Yana son gawayin da ke gefensa don auna shekaru, da ƙwayar hatsin da ta ƙone, da zurfin da abin yake, da abin da ke samansa da ƙarƙashinsa. Mai haƙar dare kuwa yakan zare kan ya watsar da sauran. Ko da an dawo da kan bayan shekara talatin, wancan bayani ya tafi har abada.

Doka ta riga ɓarayi zuwa

Najeriya ba ta rasa doka ba. Dokar kayan tarihi ta 1953 ta hana fitar da su ba tare da izini ba. Dokar soja ta 1974 ta hana cinikinsu sai ta hannun wakilan da aka amince da su. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta haɗe waɗannan ta kafa NCMM, wadda a yau ke kula da gidajen tarihi fiye da 50 a faɗin ƙasa. Najeriya ta kuma shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi tun 1972.

Ma'anar wannan a fili take. Tunda duniya ba ta san da Nok sosai ba sai a shekarun 1940, kuma dokar hana fitarwa ta zo a 1953, da wuya a sami sassaƙen Nok a kasuwar Turai da ya fita ta halastacciyar hanya.

Inda gizo ke saƙa shi ne hukunci. Dokar 1979 ta yanke wa mai cinikin kayan tarihi ba izini tarar naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, ko ɗaurin shekara uku. Mai tono ba izini kuwa, naira 500 ko wata shida. A 1979 naira 500 kuɗi ne. A yau da ƙyar ta sayi burodi.

Tsakiyar shekarun 1990 ne aka yi ɓarna mafi girma. Tattalin arziki ya durƙushe, naira ta faɗi, dillalai suka shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu. Manoma suka ajiye fartanya suka ɗauki diga, aka riƙa tona rami bayan rami a kudancin Kaduna da kewayen Abuja. Haka aka yi a Kwatarkwashi ta jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, inda wasu sassaƙen masu nasu salo suka fito. Waɗannan na arewa maso yamma sun fi ban takaici, domin kusan duk abin da aka sani game da su daga kasuwa aka san shi. An sayar da su kafin wani masani ya gan su a inda suke kwance. Kayan sukan bi ta Kwatano da Lome su isa Brussels da Paris, farashi yana ninkuwa a kowane zango, mai haƙar kuma shi ke samun mafi ƙanƙanta. Da kasuwa ta buɗe sai jabu ya biyo baya, har da masu harhaɗa tsofaffin gutsattsari su ƙera sabon mutum-mutumi don ya tsallake gwajin auna shekarun yumɓu.

Lokacin da tawagar Frankfurt ta zo, ta tarar an riga an tone fiye da kashi 90 cikin ɗari na wuraren Nok da ta gano a yankin bincikenta.

Yadda suka isa Paris

Shugaban Faransa Jacques Chirac mutum ne mai sha'awar fasahar Afirka da Asiya, kuma yana son kafa gidan tarihin da za a riƙa tunawa da shi. A ƙarshen shekarun 1990, masu tara wa wannan gida kaya suka sayi sassaƙen uku daga wani dillali a Brussels kan kimanin faran miliyan biyu da rabi. Faransa ba ta daɗe da shiga yarjejeniyar UNESCO ba, a 1997 ta shiga, saboda haka ta san akwai matsala. Sai ta nemi amincewar Najeriya bayan an riga an yi ciniki.

Jami'an NCMM suka ƙi, bisa hujjar cewa kayan sata ne kuma amincewa da sayen zai ƙarfafa masu tono. Chirac ya bi ta sama. Ya ziyarci Najeriya a Yulin 1999, 'yan makonni bayan rantsar da Olusegun Obasanjo, kuma a farkon 2000 gwamnatin Obasanjo ta ba da amincewarta, aka haɗa da alƙawarin taimakon gidajen tarihin Najeriya. A Afrilun 2000 aka baje biyu daga cikin kayan a wani sabon sashe na gidan tarihin Louvre.

A daidai wannan lokaci Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, saboda kusan tabbas na sata ne. Yumɓun Nok da na Sakkwato da Katsina suna cikin jerin. Abin ya zama abin kunya: gidan tarihi mafi shahara a duniya yana nuna abin da ƙungiyar gidajen tarihi ta ce a guje shi. Ofishin jakadancin Najeriya a Paris ya nuna rashin amincewa, shahararren masanin kufai na Cambridge, Colin Renfrew, ya soki Chirac a bainar jama'a.

Sulhun da aka yi a 2002 shi ne wanda ake kai har yau. Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25. Da aka buɗe Quai Branly a 2006 suka koma ƙarƙashinsa. Marigayi Farfesa Folarin Shyllon na Jami'ar Ibadan, wanda ya ƙware a dokokin kayan tarihi, ya rubuta maƙala yana sukar sulhun da cewa ba a yi adalci ba. Yana da hujja. An ba Najeriya takarda, an bar wa Faransa kaya, dillalin kuma ya riƙe kuɗinsa.

Me ya sa Benin ta samu, Nok ba ta samu ba?

Dalili na farko shi ne labari. Na Benin yana da rana da suna: Fabrairun 1897, rundunar Birtaniya ƙarƙashin Harry Rawson ta ƙone birnin, ta kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, ta kwashe dubban kaya. Mai laifi baƙo ne. Na Nok kuwa bayan 'yancin kai ya faru, da hannun 'yan ƙasa, ta kan iyakokin da jami'anmu ke tsaro. Gwamnati ta fi jin daɗin maganar da za ta nuna wani da yatsa.

Na biyu shi ne mai nema. Fadar Benin ta shafe kusan shekara casa'in tana neman kayanta, tun zamanin Oba Akenzua na biyu, kuma Oba Ewuare na biyu ya mai da abin babban aikin sarautarsa. Har ta kai a Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarni cewa duk kayan Benin da aka dawo da su mallakin Oba ne. Umarnin ya jawo muhawara a Turai da gida, amma ya nuna akwai mai tsayawa. Nok ba ta da fada. Al'ummar Ham, waɗanda ƙauyen Nok ke ƙasarsu, suna alfahari da gadon, sai dai yankin da aka samu kayan ya ratsa jihohi da ƙabilu da yawa. Na Sakkwato da Kwatarkwashi kuwa, ba wata masarauta da ta fito ta ce nata ne, wataƙila saboda kalmar nan da aka ambata a sama. Mai nema ɗaya da ya rage shi ne gwamnatin tarayya ta hannun NCMM da ma'aikatar al'adu, wadda Hannatu Musa Musawa, 'yar Katsina, ta karɓi jagorancinta a 2023.

"Ba ku iya ajiya ba"

Wannan ce hujjar da masu riƙe da kayan suka fi dogara da ita, kuma ƙarya ne a ce ba ta da tushe. A Janairun 1987 ɓarayi suka shiga gidan tarihin Jos suka kwashe kaya, har da kan tagulla na Ife, wanda daga baya ya ɓulla a Beljiyam, aka yi gwanjonsa a kan kuɗi ƙalilan, sannan ya faɗa hannun 'yan sandan Landan lokacin da aka nemi sake sayar da shi. An yi irin wannan sata a wasu gidajen tarihi a shekarun 1990. Tun kafin nan, a 1973, Janar Yakubu Gowon ya ɗauki kan tagulla na Benin daga gidan tarihin Legas ya kai wa Sarauniyar Ingila tsaraba. An daɗe ana zaton kwaikwayo ne, sai a 2002 aka bayyana cewa na asali ne.

Ga kuma tsaro. A Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a ƙauyen Janjala na ƙaramar hukumar Kagarko, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma tonon da ake yi a yankin ya tsaya. Dazukan da masana suka bari ba su zama fanko ba.

Duk da haka hujjar tana da rauni ta fuska biyu. Na ɗaya, rashin iya ajiya ba ya mayar da kayan wani na wani. Kuma Turai ma ba ta tsira ba: a 2023 gidan tarihin Birtaniya ya sanar cewa kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko an sace ko an lalata su a rumbunsa. Na biyu, akwai misalin da ya yi aiki. Kayan da tawagar Frankfurt ta tono an kai su Jamus da izini, aka gyara su, aka baje su a gidan tarihin Liebieghaus daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014, sannan aka dawo da su aka ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Amurka ta dawo da sassaƙen Nok goma a 2012. Ita kanta Faransa ta dawo da guda biyar a 2013, waɗanda jami'an kwastan ɗinta suka kama. Wato ƙasar da ta ga dacewar mayar da abin da ta ƙwace a hannun matafiyi, ita ce ke riƙe da irinsa da ta saya da kuɗin gwamnati.

Abin da ke gaban gwamnati

Faransa ta yau ba ta Chirac ba ce. A Nuwamban 2017 Emmanuel Macron ya yi alƙawari a Wagadugu cewa za a fara mayar da kayan tarihin Afirka, kuma a Nuwamban 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, kaya 26 na fadar Abomey. Sai da majalisar dokokin Faransa ta yi doka ta musamman kafin hakan ta yiwu, domin dokarsu ta hana fitar da abin da ya shiga dukiyar ƙasa. Kayan Nok uku ba su kamata su ci karo da wannan shinge ba, tunda Faransa da kanta ta ce ba nata ba ne.

Saboda haka zaɓi na hannun Abuja. Tana iya cewa a dawo da su idan wa'adi ya cika. Tana iya sabunta aron bisa sababbin sharuɗɗa, kuma aro a kan kansa ba laifi ba ne: lokacin da gidajen tarihin Berlin suka miƙa mallakar kayan Benin 512 a 2022, an amince kusan kashi ɗaya cikin uku su zauna a can aro na shekara goma. Bambancin shi ne wancan aro an ƙulla shi a fili, na ɗan gajeren lokaci, bayan an fara dawo da wasu. Hanya ta uku ita ce a yi shiru har shekarar ta wuce, wanda a aikace sabuntawa ne ba tare da an karɓi komai ba. Wanda ya san yadda takardu ke kwana a ofisoshinmu ba zai cire wannan daga lissafi ba.

Akwai tambayoyin da 'yan majalisa, musamman na Kaduna da Sakkwato da Zamfara da Katsina, za su iya yi tun yanzu a zaman kare kasafin kuɗin ma'aikatar: a fito da takardar 2002 a ga sharuɗɗan sabuntawa da ke ciki, a faɗi abin da Najeriya ta karɓa daga taimakon da aka yi alƙawari, a kuma bayyana gidan da aka tanada wa kayan in sun dawo. Jos na da tarin Fagg, Kaduna na da na Frankfurt. Na ukun, mai salon Sakkwato, in ya dawo, zai zama karo na farko da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya tsayawa a gabansa ba tare da neman bizar Faransa ba.